Jinin Kawu Maina Mai Fito

Ku da kuke zuba jini a cikin inji, ku danna maɓalli, ku koma gefe kuna taɗi har takarda ta fito da kanta, ku ne yau za ku ce mini awon jini ai ba wani aiki ba ne? To madalla. Ku gyara zama. Ni ne Garba da mutanen Gashuwa suke kira Mai Madubi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina leƙen jinin mutane da ido ɗaya. Ku dubi idon nan nawa na hagu, har yau bai koma daidai da ɗan'uwansa ba.

Aikina na farko a ɗakin shan magani na Nguru wankin gilashi ne, wata shida cur. Lokacin sojoji ba su daɗe da dawowa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba. Wanda ya koya mini aiki, Malam Kyari, wani dogon Babarbare ne da ba ya son yawan magana. Gilasan nan 'yan sirara ne, tsawon yatsa, a kansu ake shafa jini, kuma ba a zubar da su kamar yadda kuke yi yanzu. A tafasa, a wanke da sabulu, a goge da tsohon farin ƙyalle, a jera a akwati. Malam Kyari sai ya zaro ɗaya ya ɗaga wa rana. In ya ga shatin yatsa sai ya ce, "Garba, mai wannan hannun, shi ne ba shi da lafiya?" Shi ke nan, duk akwatin sai na sake. Ban taɓa allura ba sai da yatsuna suka yi kanta.

Abin da ya sa ma aka ɗauke ni, ni ɗan wanzami ne. Kakanmu daga Haɗeja ya zo Gashuwa da zabirarsa, jakar fatar nan da wanzami ke zuba aska da ƙaho. Mahaifina, Audu Wanzam, shi ya gaje shi. Da likita Bature ya zo rangadi yana neman wanda ya yi elementare kuma ba ya tsoron jini, sai aka nuna ni. Baba bai so ba. Bai hana ba dai, amma da na zo hutun farko ya tambaye ni me nake yi a Nguru, na ce wankin gilashi, sai ya dubi mahaifiyata ya ce, "Kin ji ko? Sun mai da ɗan wanzami mai wanke-wanke."

Madubin likitan da muke aiki da shi ba ruwansa da lantarki. Wani ɗan madubi ne a ƙarƙashinsa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Saboda haka teburinmu yawo yake yi, da safe tagar gabas, bayan azahar tagar yamma. In hadari ya taso sai ka naɗe hannu ka jira. Ga ƙuda. Ƙudan Nguru lokacin kifi, kai! Ka shafa jini ka ajiye ya bushe, ka juya ɗaukar auduga, kafin ka waiwayo sun lashe shi tas. Sai ka sake bin mutum kana ba shi haƙuri ya ba ka yatsa. Faifai muke kifawa a kai.

Babban kuskurena na farko a kan ruwa ne. Jini ba ya nuna abin da ke cikinsa sai an rina shi, rinin kuwa da ruwa ake sirka shi. Malam Kyari yana da wani tulu da ba mai taɓawa, ruwan sama ne da yake tara daga rufin kwanon tashar jirgi da damina. Ni ina ganin tsirfa ce kawai irin ta manya. Rannan na ga tulun ya yi ƙasa, na ce bari in burge Malam, na ɗebo ruwan rijiya na cika masa shi fal. Washegari duk gilasan da muka rina suka fito shuɗi har da baƙi, kamar an tsamo su daga karofi, ba a ganin komai. Malam Kyari ya tsoma yatsa a tulun, ya ɗanɗana, ya tofar. Kalma ɗaya ya ce: "Kanwa." Ruwan ƙasarmu akwai kanwa, kanwa kuma ɓata rini take yi. Gida-gida na bi ina roƙon a sake ba ni jini. Wata tsohuwa ta miƙo yatsa ta ce, "In na jiya bai ishe ku miya ba ai sai ku faɗa." Ragowar ranin nan sai a kwalabe aka riƙa aiko mana da ruwa daga Kano ta jirgin ƙasa.

Akwai kuma ɗan littafin launi, ku riƙe shi don a kansa labarin yake. Shafi ɗaya ne mai launi goma, daga ja jawur a sama har zuwa wani fari-fari a ƙasa kamar ruwan da aka wanke nama. Kowane launi da 'yar huda a tsakiyarsa. Ka ɗiga jinin mutum a farar takarda mai shan ruwa, ka sa ta bayan hudar, ka ga da wane launi ta dace. Nan take ake karantawa, in ka bari ya bushe ka yi aikin banza. Da shi muke bambance mai jini da wanda jininsa ya tsinke.

Mutane kuwa kowa da abin da yake zato. Wasu suka ce Bature muke tara wa jinin. Wasu suka ɗauke ni ɗan duba. Wani attajirin gyaɗa ya taɓa miƙo mini yatsa ya ce in duba masa ko zai yi tsawon rai. Na ce, "Alhaji, zazzaɓin sauro dai na gani, sauran sai Allah." Amma gaskiya jini akwai tsegumi. Zai gaya maka wanda ke kwana bakin fadama ba gidan sauro, da wanda ke shiga taɓo ba takalmi, da wanda ke cewa a ƙoshe yake alhali rabonsa da nama tun layya. Masuntan Dagona in sun zo, kafin in huda na san rabin abin da zan gani.

Bayan shekara huɗu aka mai da ni gida Gashuwa da madubina. Shekara ta biyu da komawata ita ce mugunyar shekarar. Damina ta yi gardama, kogi bai cika ba, fadama ba ta sha ruwa ba, gero ya yi wuya. Ba a faɗi a titi ba, kowa yana sa rigarsa ya fito ya ce lafiya lau. Amma ni da ke riƙe da littafin launi na ga garin nan yana sauka a hankali. Wanda bara ya tsaya a launi na biyu, bana yana na huɗu.

A ƙa'ida, sau ɗaya a shekara ake auna duk ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya: 'yan doka, masinjoji, leburorin hanya, masu fito. Ba don suna ciwo ba. Layi kawai ake yi, a huda, a rubuta, kowa ya kama gabansa. A layin wannan shekarar ne Kawu Maina ya iso gabana.

Kawu Maina mutumin Bade ne, shi ke fito da mutane a mashigin kogi. Ba danginmu ba ne, aminin Baba ne tun suna samari, shi ya sa muke ce masa Kawu. Ƙaton mutum ne da in ya yi dariya a wannan gaɓa ana ji a waccan. Ran nan kuwa daga mashigi zuwa ɗakin shan magani, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ga shi ya zauna a benci yana haki.

Ya ce, "Ɗan Wanzam, huda a hankali. Da wannan yatsan nake riƙe gorar tuƙi."

Na huda. Ɗigon bai tsaya ya yi tudu kamar na mutane ba, gangarawa ya yi. Na ɗiga a takarda, na fara daga tsakiyar shafi ina sauka, ina sauka, sai a launi na takwas ya tsaya. Biyu kawai suka rage a ƙasa. Na ce ko ni na yi kuskure, na sake huda wani yatsan. Haka dai. Na jawo fatar idonsa ƙasa, fari fat kamar auduga. Na san mutanen da na taɓa gani a wannan launin, kuma na san inda suke kwance.

Na ce, "Kawu, kana jin jiri?"

Ya ce, "Jiri, da nauyin kai, da bugun ƙirji. Mataccen jini ne ya yi mini yawa. Amma ubanka yana kansa. Da duk wata yake sa mini ƙaho, yanzu na ce ya mai da shi duk Juma'a."

"Ƙaho nawa?"

"Huɗu. Wata rana shida."

Na ɗaga rigarsa. To ku yara, wannan ba inji ne zai yi muku ba, ku riƙa ɗaga rigar mutum. Daga ƙeya har kugu tsaga ce a kan tsaga, sabuwa a kan tsohuwa. Na kuma san hannun. Babu mai jera tsaga daidai haka a duk Gashuwa sai Baba.

Washegari na duba bayan gidansa a madubi, ga ƙwan tsutsar ciki nan birjik, irin mai shan jinin nan da ake ɗauka a taɓo. Tsutsa tana sha ta ciki, ƙaho yana sha ta baya, tukunya kuma babu nama. In ya ji jiri sai ya ƙara ƙaho, ƙahon ya ƙara masa jiri. Disfensanmu, wato mai kula da ɗakin shan maganin, ya ce a ba shi maganin tsutsa da ruwan ƙarfe mai ƙara jini, amma in ba a daina ƙahon nan ba, mutumin nan ba zai ga damina ba.

Na zaunar da Kawu Maina na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce, "Kai yaro! Ɗigo ɗaya ka ɗiba ka ce ba ni da jini? Ubanka ƙaho huɗu yake cikawa, baƙi ƙirin, da idona nake gani. In babu, daga ina yake fitowa?" Ya karɓi kwalbar magani don kada in ji kunya, amma ya ce ƙahon Juma'a yana nan daram.

Saura Baba. Kwana uku ina kewaye-kewaye. A gidanmu ɗa ba ya gyara wa uba riƙon aska, balle ya ce masa ajiye ta. Ranar Laraba bayan la'asar na same shi a zaure yana wasa aska a jikin fata. Na durƙusa.

Na ce, "Baba, maganar ƙahon Kawu Maina ce. Na auna shi, jininsa ya kusa ƙarewa."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Shekara arba'in ina sa ƙaho. Kai wata shida ka yi kana wanke gilashi."

"Haka ne, Baba."

"Wato ni nake kashe Maina?"

Na sunkuyar da kai. Wannan kuwa amsa ce, shi ma ya sani. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Na tashi. Wallahi maganar ta yi mini ciwo, amma na fi jin tausayinsa.

Alhamis da hantsi ina bakin tagar gabas sai na ji layi ya yi tsit. Baba ne, da zabirarsa a kafaɗa, ya jawo Kawu Maina wai ya rako shi. Tun da aka gina ɗakin shan maganin nan bai taɓa taka shi ba. Bai gaishe ni ba. Ya miƙo yatsa ya ce, "Huda ni."

Na huda mahaifina. Na ɗiga, na sa a shafi, launi na biyu. Ya ce, "Yanzu Maina." Na huda Kawu, na jera takardun biyu a bakin taga. Ba sai an yi karatu ba, ɗaya ja, ɗaya kamar an sirka ta da ruwa. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama yatsan amininsa ya matso wani ɗigon, ya murza shi tsakanin yatsunsa biyu. Mutumin da ya fi ni sanin jini nesa ba kusa ba. Ya goge hannu ya ce, "Maina, je ka, masu fito na jiranka. Gobe ina nan tafe kamar kullum."

Da Kawu ya fita sai Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In na ƙi sa masa, gobe-goben nan zai tafi wurin wanzaman kasuwa. Su kuwa takwas za su sa masa."

Na ce, "To yaya za a yi, Baba?"

Ya ce, "Kai ka ba shi ruwan ƙarfenka. Bayansa nawa ne."

Ya fita. Na ɗauka ya ƙi ke nan. Ran nan haushi ya hana ni cin abinci.

Juma'a da safe na bi shi daga nesa. Sai na ga bai nufi kogi ba, ya ratsa ta mahauta. Ya fito da wani ƙunshi a ganye da wata 'yar gora ƙarama, ya jefa a zabira. A mashigi Kawu Maina yana zaune a tabarma gindin tsamiya, ya tuɓe riga, ya ba da baya. Na raɓe a bayan wani kwale-kwale da aka kife. Baba ya kafa ƙaho huɗu, ya zuƙe, ya toshe. Da fata ta taso ya cire, ya zaro askar tsaga. Na rufe ido, na sake buɗewa. Sai na ga ya juya ta. Da bayan askar yake bugawa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da saurin nan nasa, ba ko ƙwarzane. Ya mai da ƙahonin. Can da ya zo cirewa, a bayan Kawu inda ba ya gani, ya zazzago gudan jini daga 'yar gorar nan cikin ƙaho, ya zagayo ya kaɗe shi a kan yashi.

Ya ce, "Ka gani? Baƙi ƙirin."

Kawu Maina ya leƙa ya ce, "Alhamdu lillahi. Har na ji sakayau."

Baba ya kwance ƙunshin ganye, hanta ce. Ya ce, "Wannan kuma sharaɗi ne. Irin wannan mataccen jinin in ba a bi shi da hanta ba, dawowa yake yi. Maganin yaron nan ma kada ka zubar, ba ya hana ƙaho aiki."

A hanyar gida ya tsaya har na cim masa. Ashe ya gan ni tun daga mahauta. Ya ce, "Ka ga wani abu?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Baba."

Ya ce, "Ƙaryar tawa ce, ni zan amsa ta a gaban Allah. Kai ka yi ta awonka."

Na kuwa yi ta yi. Duk wata nake kiran Kawu in huda. Watan farko, takwas. Na biyu, takwas, har na fara fid da rai. Na uku sai ga bakwai. Hanta a wannan shekarar ba abin wasa ba ce, amma kun san wanzami yana da rabonsa a ragon suna. Duk sunan da aka yi a gari, Baba sai ya ce a bar masa sauran, hanta yake so. Mu a gida ko ƙamshinta ba mu ji ba, mahaifiyata har ta gaji da mita. Ruwan ƙarfe ya baƙanta wa Kawu haƙora, yana sha yana zagina. Da ruwa ya sauka, kogi ya kawo, yana launi na biyar, kuma da kansa yake tura jirgi cike da buhuna. Bai taɓa kai na biyu ba, a na uku ya tsaya.

Baba bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ko sau ɗaya. Amma daga wannan shekarar duk wanda ya zo ƙaho sai ya fara jawo masa fatar ido. In ya ga fari sai ya mai da ƙaho zabira ya ce, "Je ka wurin mai wanke-wanke tukuna." Na Kawu Maina kuwa ya rage shi zuwa wata-wata, amma bai fasa ba, kuma bai sake juyo bakin askar ba.

Shekara tara aka yi a haka, sannan Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ranar sadakar uku da hantsi, mutane sun ragu a ƙofar gida, Kawu Maina ya matso kusa da ni a tabarma. Ya yi furfura, amma ƙirjin nan yana nan. Ya ce, "Ɗan Wanzam, yanzu wa zai riƙa sa mini ƙaho?"

Hankalina ya tashi. Na ce a raina in ya tafi wurin wanzaman kasuwa an koma gidan jiya. Gara in tona, Baba ya yafe mini. Na ce, "Kawu, akwai wata magana da ya kamata ka sani a kan ƙahon nan."

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Jinin akuyar?"

Na saki baki ina kallonsa.

Ya ce, "Haba Garba. Shekara ashirin mutum yana tsaga bayan nan, ka ce bayan bai san bakin aska da ƙeyarta ba? Tun Juma'ar farko na sani. Wata rana har gashin akuya na gani a ciki."

Na ce, "To Kawu, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Da na ji ya juya aska sai na ce, in Wanzam da kansa ya juya aska, to yaron nan gaskiya ya faɗa. Sannan mutum kamar ubanka, da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya zauna a bayana yana shirga ta don in rayu. Ni ne zan kunyata shi?"

Ya sa hannun riga ya share ido. Ni ma ban iya riƙe nawa ba. Can sai ya miƙo mini yatsan nan nasa na riƙon gora.

Ya ce, "In an share makoki zan zo ka huda. Bara ka ce na uku."